Yadda ake daidaita furosesa da manhajar BOINC ta yi aiki da umarnin AVX ba tare da ɓata sakamako ba

Kwamfutoci biyu na iya kasancewa da furosesa iri ɗaya, suna karɓar aiki daga shiri ɗaya na BOINC, amma ɗaya ta gama nata ta miƙa kafin ɗayar ta kai rabi. Sau da yawa ba abin da ya raba su illa irin umarnin da manhajar lissafi ke bai wa furosesar. BOINC dai ita ce manhajar da Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta fitar a 2002, wadda mutane ke ba da aron kwamfutocinsu ta cikinta ga binciken kimiyya. Einstein@Home na tace bayanan sararin samaniya da ita, Asteroids@home na gano siffar duwatsun da ke kewaya rana, PrimeGrid kuma na neman manyan lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu da ɗaya. Ma'aunin da za ka riƙe tun daga farko shi ne yawan sakamakon da shirin ya karɓa a matsayin ingantacce a kowace rana. Sunan umarni mafi sabunta ba shi ne ma'auni ba.

Abin da umarnin ke yi

A cikin furosesa akwai ƙananan wuraren riƙe lamba da ake kira rajista. Umarnin SSE2, wanda ya zo da Pentium 4 a shekarar 2000, yana aiki da rajista mai faɗin bit 128, wato tana ɗaukar lambobi biyu masu bit 64 a tashi ɗaya, ko huɗu masu bit 32. AVX ya zo a 2011 da furosesocin Sandy Bridge na Intel da Bulldozer na AMD, ya ninka faɗin zuwa bit 256: lambobi huɗu manya ko takwas ƙanana. A 2013 furosesar Haswell ta Intel ta zo da AVX2 da FMA3. Shi FMA yana ninka lambobi biyu ya tara ta uku a kai cikin umarni guda, aikin da a da sai an yi shi sau biyu. AVX-512 kuwa bit 512 ne, lambobi takwas manya a tashi ɗaya.

Bambancin kamar na mai ɗiban hatsi da tafin hannu ne da mai ɗiba da mudu. Sai dai idan buhun na can cikin rumbu, ana kawo hatsin kaɗan-kaɗan, girman mudun ba zai ƙara maka sauri ba. Wannan ce matsalar da mutane suka fi mantawa da ita, kuma za mu daɗe a kanta a ƙasa.

Mataki na farko: gano abin da furosesarka ta iya

Kada ka dogara da sunan da ke jikin kwali. Buɗe BOINC Manager, ka koma Advanced View, ka danna Ctrl da Shift da E tare domin ganin Event Log. A layukan farko akwai wanda ya fara da Processor features, yana jero duk umarnin da BOINC ta gani. Abin da ke wannan layi shi ake aika wa sabar shirin, wato kwamfutar da ke raba ayyukan, don haka shi ne mai muhimmanci. A Windows za ka iya tabbatarwa da CPU-Z, a gurbin Instructions. A Linux rubuta wannan:

grep -o -w -E 'sse2|pni|ssse3|sse4_1|avx|avx2|fma|avx512f' /proc/cpuinfo | sort -u

Idan ba ka ga sse3 a jerin Linux ba kada ka damu, da sunan pni yake fitowa.

Akwai wurare huɗu da ake yawan tuntuɓe. Yawancin furosesocin Pentium da Celeron, har waɗanda aka ƙera shekaru da dama bayan 2011, ba su da AVX ko kaɗan, kuma su suka cika kwamfutocin gwanjo masu araha. Windows 7 ba ta barin a yi amfani da AVX sai an saka mata Service Pack 1. Furosesocin Intel na gida na zubi na 12 da waɗanda suka biyo shi an rufe musu AVX-512, alhali wasu na zubi na 11 suna da shi. Na huɗu, idan BOINC tana gudana cikin kwamfutar kwaikwayo, wato wadda manhaja ke ƙirƙira cikin wata kwamfutar, kamar a Proxmox ko QEMU, nau'in furosesar da ake ba ta tun asali kan ɓoye AVX. Sai ka sauya nau'in zuwa host sannan ta gani.

A ɓangaren AMD, Ryzen na farko na 2017 yana karɓar umarnin AVX2 amma yana raba shi gida biyu ya yi bit 128 sau biyu, shi ya sa ribarsa ba ta kai ta Intel ta lokacin ba. Daga Zen 2 na 2019 ne faɗin ya cika 256. Zen 4 na 2022 ya zo da AVX-512.

Mataki na biyu: duba abin da ake aiko maka

Kafin ka taɓa kowane fayil, duba shafin Tasks a BOINC Manager. A ginshiƙin Application, bayan sunan manhajar da lambarta, sau da yawa za ka ga sse2 ko sse3 ko avx a ƙarshe. Idan shiri yana da nau'o'i da yawa, kamar Asteroids@home, sabar kan gwada wa kwamfutarka kowanne, ta auna saurinsu, sannan ta zauna kan wanda ya fi. Wannan gwaji yana cin ayyuka da dama, don haka ganin sse3 a kwanakin farko ba matsala ba ce. Shiga shafin kwamfutarka a gidan yanar shirin, ka buɗe Application details. A nan za ka ga Average processing rate na kowane nau'i da yawan ayyukan da aka karɓa a jere ba kuskure.

Wani lokaci za ka tarar sse3 ta fi avx sauri a kan injinka. Bar ta haka. Sabar ta auna ne, ba ta yi zato ba.

Wasu manhajojin kuma su da kansu suke zaɓa. Manhajar LLR ta PrimeGrid an gina ta ne kan rumbun lissafin gwnum na George Woltman, wanda ya kafa GIMPS, wani shirin neman irin waɗannan manyan lambobi, a 1996 ya kuma rubuta manhajarsa Prime95. Da ta tashi take duba furosesa ta ɗauki hanyar da ta fi. Buɗe bayanin wani aikin da ka gama a shafin shirin, za ka ga layi mai nuna FMA3 ko AVX-512 tare da FFT length, wato tsawon jerin lambobin da aikin ke sarrafawa, da lamba a gabansa. Rubuta wannan lambar ka ajiye, za ta yi amfani yanzun nan. Ga irin wannan shiri babu manhajar da za ka sauya, gyaran yana wani wuri.

Mataki na uku: ma'ajiyar kusa da yawan ayyuka

A nan ne mafi yawan ribar take, kuma kyauta ce.

Furosesa tana da ma'ajiya mai sauri a jikinta, ana kiran babbar L3. Duk abin da bai shiga cikinta ba sai an je RAM an ɗauko, kuma RAM tana da nisa idan aka kwatanta. Manhajar da ke aiki da AVX2 ko AVX-512 tana cinye lambobi da sauri ƙwarai, har RAM ta kasa ciyar da ita. Sai ka ga duk ƙwayoyin furosesar, wato ƙananan injinan lissafin da ke cikinta, na nuna kashi 100, alhali yawancin lokacin jira suke yi.

Ga aikin LLR lissafin mai sauƙi ne: ninka tsawon FFT da 8, ka sami yawan bayit ɗin da aiki ɗaya ke buƙata. FFT mai tsawon 1M yana cin kimanin megabayit 8. Ɗauki Ryzen 7 5800X mai ƙwaya takwas da L3 megabayit 32. Idan ka saki ayyuka takwas a lokaci guda, suna neman megabayit 64, ninki biyu na abin da ke akwai. Idan ka saki biyu, kowanne da ƙwaya huɗu, megabayit 16 ne kawai, sun zauna daram cikin ma'ajiyar. A PrimeGrid ana saita yawan zaren kowane aiki, wato gida nawa za a raba shi tsakanin ƙwayoyi, daga shafin zaɓuɓɓukan shirin. A sauran shirye-shirye kuwa, abin da ke hannunka shi ne rage yawan ayyukan da ke tafiya tare. Ƙirƙiri fayil mai suna app_config.xml a cikin foldar shirin ka sa wannan:

<app_config>
<project_max_concurrent>4</project_max_concurrent>
</app_config>

Foldar tana cikin C:\ProgramData\BOINC\projects a Windows, a Debian da Ubuntu kuma /var/lib/boinc-client/projects. Bayan ka adana, je Options ka danna Read config files. Ba sai ka kashe BOINC ba.

Sai maganar zare biyu a ƙwaya ɗaya, wanda Intel ke kira Hyper-Threading, AMD kuma SMT. BOINC tana ƙirga kowane zare a matsayin furosesa, don haka mai ƙwaya takwas tana ganin 16. Manhajar da ba a gyara ta sosai don sauri ba tana amfana da wannan, domin zare na biyu na cike giɓin da na farko ya bari. Amma LLR ba ta barin giɓi. Zare na biyu sai dai ya zo ya yi rabon ma'ajiya ya ƙara zafi. Ga irin wannan aiki, shiga Computing preferences ka sa Use at most 50% of the CPUs. Ga Einstein@Home da makamantansa, gwada duka biyun kafin ka yanke.

Masu furosesar Intel mai ƙwayoyi iri biyu, manya da ƙanana, su kula: idan aiki ɗaya ya bazu a kan manya da ƙanana tare, manyan za su riƙa jiran ƙananan a kowane zagaye. Haka ma Ryzen mai ɓangare biyu kamar 5950X, kowane ɓangare da ƙwaya takwas da nasa L3 ɗin. Aikin da ya tsallaka daga wannan ɓangare zuwa wancan yana rage gudu. Kada zaren aiki ɗaya ya wuce takwas a kanta.

Yadda za ka auna: ninka yawan ayyukan da ke tafiya tare da 86,400, ka raba da daƙiƙoƙin da aiki ɗaya ya ci. A misali, ayyuka takwas da kowanne ke cin daƙiƙa 14,400 sun ba ka 48 a rana. Biyu da kowanne ke cin 3,000 sun ba ka sama da 57. Yi amfani da Run time, ba CPU time ba. Kwatanta ayyuka masu girma ɗaya, aƙalla goma a kowane tsari, kuma abu ɗaya tak za ka sauya tsakanin gwaji da gwaji.

Mataki na huɗu: zafi da wuta

Babu abin da ke ɗumama furosesa kamar lissafin AVX da ba ya tsayawa. Yawancin na Intel suna fara rage gudu da kansu a kusan digiri 100, Ryzen 7000 kuma a 95. Wasu na Intel ma suna sauke gudunsu da zarar sun ga umarnin AVX mai nauyi, tun ba a kai ga zafi ba. Saboda haka manhajar AVX-512 na iya ƙarewa daidai da ta AVX2 a kan injin da sanyinsa bai isa ba.

Sa HWiNFO a Windows, ko sensors da turbostat a Linux, ka bar aiki ya yi minti 30, ka duba zafi da gudun ƙwayoyin. Ka yi wannan gwaji da rana tsaka. Ɗakin da ba na'urar sanyi a watan Afrilu a Kano ko Yamai ba ɗaya yake da ɗakin da masu ƙera fanka suka yi gwajinsu ba. Bayan hunturu kuma a buɗe akwatin a hure ƙurar da ta toshe haƙoran ƙarfen sanyaya, a kuma sabunta man da ke tsakaninsa da furosesa idan ya bushe.

Idan zafin ya yi yawa, maganin da ya fi shi ne rage iyakar wuta a BIOS, shafin saitin da ake shiga yayin kunna kwamfuta. Ryzen da aka rubuta wa wat 105 tana iya jan har 142; Eco Mode na mayar da ita tsarin wat 65, inda iyakar take 88. A Intel iyakokin wutar da ake ragewa su ne PL1 da PL2. Gudun da za ka rasa bai kai wutar da za ka tsira da ita ba, domin megahaz ɗin ƙarshe-ƙarshe su suka fi tsada. Injin da ke jan wat 150 dare da rana yana cin yunit 3.6 a rana, 108 a kwana 30, kuma wannan kuɗi ne daga aljihunka.

Kada ka rage zafi da zaɓin Use at most na CPU time. Abin da yake yi shi ne tsayar da aiki da sakinsa kowane 'yan daƙiƙoƙi, zafin ya riƙa hawa da sauka, fanka na ta kuka tana shiru. Rage yawan ƙwayoyi ya fi. Laftof kuwa, mu a ganinmu kada a ɗora mata aikin LLR ko kaɗan. Inda ake yawan ɗauke wuta, bar tazarar adana ci gaban aiki a daƙiƙa 60 da ta zo da ita, kada ka tsawaita.

Kafin ka saki injin ga aikin gaske, gwada shi da Prime95. Zaɓi Torture Test, ka fara da Small FFTs na awa ɗaya, sannan Blend na awanni da dama don ya taɓa RAM. Idan ka ga saƙon Rounding was 0.5, expected less than 0.4, injin yana kuskuren lissafi ko da bai taɓa tsayawa ba. Cire duk ƙarin gudun da aka yi masa, mayar da RAM gudunta na asali, ka sake. Sabunta BIOS ma yana cikin aikin: a farkon 2016 masu amfani da Prime95 ne suka gano wani aibi da ke daskarar da furosesocin Skylake a kan lissafin AVX, kuma ta sabuntawar BIOS Intel ta gyara shi.

Mataki na biyar: saka manhajar da ba ta shirin ba

Wannan na waɗanda shirinsu ke aiko da nau'i ɗaya tak ne, alhali akwai wanda aka gyara don ya fi sauri. A zamanin SETI@home, kafin ya daina raba aiki a ƙarshen Maris 2020, 'yan sa-kai na ƙungiyar Lunatics sun shahara da irin waɗannan manhajoji. BOINC ta tanadi hanya, ita ce fayil ɗin app_info.xml. Ka sani cewa manhajar da shiri ya aiko tana ɗauke da hatimin shirin, wadda ka saka da hannunka kuwa ba mai bincikarta. Kada ka ɗauko sai daga inda masu shirin suka amince da shi.

Fara da danna No new tasks a kan shirin. Jira duk ayyukan da ke hannu su ƙare, ka danna Update su tafi. Wanda ya tsallake wannan, BOINC za ta zubar da duk aikin da lambar manhajarsa ba ta dace da sabon fayil ɗin ba. Sannan ka kashe BOINC gaba ɗaya, ba rufe taga kawai ba. A Linux, sudo systemctl stop boinc-client. Kwafi foldar bayanan ka ajiye a gefe. Zuba sabuwar manhajar a foldar shirin tare da fayil mai wannan siffa:

<app_info>
<app><name>sunan_manhaja</name></app>
<file_info><name>sunan_fayil</name><executable/></file_info>
<app_version>
<app_name>sunan_manhaja</app_name>
<version_num>100</version_num>
<file_ref><file_name>sunan_fayil</file_name><main_program/></file_ref>
</app_version>
</app_info>

Sunan manhajar ba wanda kake gani a fuskar BOINC Manager ba ne. Gajeren suna ne da za ka samu cikin client_state.xml, kuma dole ya zo daidai harafi da harafi. Lambar sigar ma daga can za ka ɗauko. A Windows ka tabbata Notepad bai maƙala .txt a ƙarshen sunan ba. A Linux ka mallaka wa mai amfani boinc fayilolin da chown, ka ba manhajar izinin gudana da chmod +x. Tayar da BOINC ka nemi layin Found app_info.xml; using anonymous platform a Event Log. Rage ajiyar aiki zuwa mafi ƙanƙanta, ka karɓi ayyuka biyu ko uku kawai, ka jira a tantance su kafin ka buɗe ƙofa.

Idan aiki ya mutu cikin daƙiƙar farko da lambar 0xC000001D a Windows, ko signal 4 a Linux, manhajar ta bai wa furosesar umarnin da ba ta sani ba. Tsayar da shirin nan take, domin cikin minti kaɗan za ta ƙone duk ayyukan da ke hannu, sabar kuma ta rage maka rabon rana. Ka tuna kuma cewa daga yanzu shirin ba zai sabunta maka manhaja ba. Ran da suka fitar da sabuwar siga, ko dai aiki ya daina zuwa, ko ka ci gaba da tsohuwa mai aibin da aka riga aka gyara. Komawa tsarin asali: gama ayyuka, kashe BOINC, goge app_info.xml, tayar da ita, danna Reset project.

Ga mai haɗa manhajar da kansa

Idan shirin ya saki rubutun asalin manhajarsa, GCC, manhajar da ke mayar da rubutun ya zama manhaja mai aiki, na iya haɗa ta da -O2 -march=native, wato daidai furosesar da ake haɗawa a kai. Abin da ya fito ba lalle ya tashi a wata kwamfutar da ta girme ta ba. Don rabawa injina da yawa masu AVX2, -march=x86-64-v3 ya fi, daga GCC 11 zuwa sama. Idan manhajar na amfani da rumbun lissafin FFTW, ita ma a haɗa ta da --enable-avx2, domin mafi yawan lokacin a cikinta yake tafiya.

Haɗarin yana wajen tantancewa. Yawancin shirye-shirye suna aika aiki ɗaya ga kwamfutoci biyu su kwatanta amsa. FMA yana daidaita ƙarshen lamba sau ɗaya a inda tsohuwar hanya ke yi sau biyu, don haka lambobin ƙarshe na iya bambanta kaɗan, kuma a lissafin da ake maimaitawa sau miliyoyi ƙaramin bambanci kan girma. Guji -ffast-math kwata-kwata, domin yana bai wa GCC damar sauya jerin lissafi. Idan amsarka ta ƙi dacewa da ta manhajar asali, gwada -ffp-contract=off, wanda ke hana GCC saka FMA da kansa. Gudanar da aikin gwaji ɗaya da manhajar asali da taka a wajen BOINC, ka kwatanta fayilolin sakamako kafin ka karɓi aikin gaske.

Bayan haka ka riƙa leƙa shafin ayyukanka har mako guda. Validation inconclusive jefi-jefi ba komai ba ne, mai yiwuwa abokin kwatancenka ne ya yi kuskure, kuma za a aika wa na uku ya raba gardama. Amma idan Completed, marked as invalid ya bayyana sau biyu ko uku cikin mako, janye sauyin ƙarshe da ka yi, ka koma tsarin da ke ba da sakamako mai kyau, sannan ka sake gwajin Prime95 kafin ka ƙara taɓa wani abu.